Georges Picquart, hafsan da ya ƙi shiga kabari da asirin manyansa

A ranar 13 ga watan Yulin 1898 aka kama wani tsohon laftanal-kanal na sojan Faransa a birnin Paris, aka kai shi gidan kason La Santé. Ana tuhumarsa da sanar da wani lauya abin da ke cikin takardun sirri na ma'aikatar yaƙi, kuma dokar da aka ɗauko don hukunta shi ita ce ta 1886, wadda aka yi domin ƴan leƙen asirin ƙasashen waje. Shekaru 8 bayan haka, mutumin nan shi ne ministan yaƙin Faransa, rundunar da ta kore shi tana karɓar umurni daga hannunsa. Sunansa Marie-Georges Picquart.

Duk wanda ya yi lakwal mai ɗan zurfi a ƙasashen da Faransa ta mallaka ya ji labarin Kaftin Alfred Dreyfus, Bayahuden da aka ɗaure bisa ƙazafin cin amanar ƙasa, ya kuma ji sunan marubuci Émile Zola da ya tsaya masa. Picquart kuwa sau da yawa layi ɗaya ko biyu yake samu a littafin tarihi, alhali shi ne ya gano mai laifin na gaskiya, kuma ganowar ce ta ci aikinsa, ta kai shi kaso.

An haife shi ranar 6 ga Satumbar 1854 a Strasbourg, babban birnin yankin Alsace da ke kan iyakar Jamus. Yana shirin cika shekara 16 Jamusawa suka yi wa garin ruwan igwa a yaƙin 1870, suka ci Faransa, sannan a 1871 suka haɗiye Alsace da wani yanki na Lorraine. Wannan kashi ya tsaya wa Faransawa a maƙoshi fiye da shekaru 40. Sai an san haka ake gane abin da ya biyo baya: a idon talakan Faransa na lokacin, soja ne zai maido da ƙasar da aka ƙwace da mutuncin da ya zube, saboda haka wanda ya taɓa soja kamar ya taka tuta ne. Su ma sojojin an raba su da siyasa. Tun 1872 an hana su jefa ƙuri'a, ba su sake samun wannan dama ba sai 1945, shi ya sa ake yi wa rundunar kirari da babbar bebiya.

A 1872 ɗin nan Picquart ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr, ya fita na 5, ya wuce makarantar babban ofishin hafsoshin soja, wato eta-majo, ya fita na 2. Sojan mulkin mallaka ne kamar sauran tsararsa, a Aljeriya da Tonkin da ke arewacin Vietnam ta yau ya ƙara galo. Yana jin Jamusanci da Italiyanci da Ingilishi, mai son karatu ne da kiɗa, ba shi da yawan magana, bai taɓa aure ba. Ya koyar a babbar makarantar yaƙi ta Paris, kuma cikin ɗalibansa har da Dreyfus, wanda shi ma ɗan Alsace ne, daga garin Mulhouse. Babu shiri tsakaninsu. Picquart yana da irin ƙyamar Yahudawan da ta cika barikokin Faransa a wancan zamani, kuma masu tarihinsa ba su ɓoye wannan ba.

Kwandon shara

Ofishin leƙen asirin sojan Faransa yana da wata mata mai suna Marie Bastian da ke aikin shara a ofishin jakadancin Jamus. Ita ke kwaso yagaggun takardu daga kwandon Maximilian von Schwartzkoppen, jami'in soja na ofishin, ta miƙa su a liƙe a karanta. A Satumbar 1894 aka samu wata wasiƙa da ba ta da sa hannu, inda wani hafsan Faransa ke lissafa bayanan sirri da ya aika, har da na wata sabuwar igwa. Aka duba cikin eta-majo, ido ya faɗa kan Dreyfus, sojan igwa kuma Bayahude. Aka kama shi ranar 15 ga Oktoba. Da aka ga hujjar ba ta da ƙarfi, ministan yaƙi Janar Auguste Mercier ya sa aka miƙa wa alƙalan kotun soja wani kundi na sirri suna cikin shawara, ba tare da wanda ake tuhuma ko lauyansa sun gani ba, abin da doka ta haramta. Ranar 22 ga Disamba alƙalan su 7 suka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ranar 5 ga Janairun 1895 aka tsige masa galo, aka karya takobinsa gaban jama'a, aka tura shi Tsibirin Shaiɗan a gaɓar Giyana ta Faransa.

Picquart yana wurin duka biyun. Shi ne idon minista a zauren shari'a, shi ya kai rahoton tsige galon, kuma ya yarda cewa Dreyfus ya ci amana. Manya sun yaba da shi, har a Yulin 1895 suka ba shi shugabancin ofishin leƙen asirin. A Afrilun 1896 ya zama laftanal-kanal mafi ƙarancin shekaru a rundunar.

A watan Maris na 1896 kwandon nan ya sake haihuwa. Cikin tarkacen akwai wata ƴar shuɗiyar takardar saƙon gaggawa da aka yayyaga ba a aika ba, daga ofishin jakadancin Jamus zuwa ga wani Kumandan Ferdinand Walsin Esterhazy. Picquart ya sa aka bi sawun mutumin, aka tarar ɗan caca ne da bashi ya yi wa katutu, mai yawan tambayar abubuwan da ba su shafi aikinsa ba. Da farko ya ɗauka maci amana na biyu ya samu. Sai a ƙarshen Agusta da wasiƙu biyu na Esterhazy suka shigo hannunsa, ya jera su kusa da hoton wasiƙar 1894, ya ga rubutun hannun ɗaya ne. Ya sa aka buɗe masa kundin sirrin da aka nuna wa alƙalai, yana zaton a can hujjar take. Ya tarar babu abin da zai ɗaure ko ɓarawon kaza.

Abin da ya yi daga nan shi ne abin da kowane soja mai ladabi zai yi. Ya rubuta rahoto, ya kai wa shugaban eta-majo Janar de Boisdeffre, shi kuma ya tura shi wurin mataimakinsa Janar Charles-Arthur Gonse. Gonse ya ce ya ci gaba da binciken Esterhazy in yana so, amma kada ya haɗa shi da maganar Dreyfus. Yaya za a raba su alhali takarda ɗaya ce aka ɗaure mutum a kanta? Picquart ya yi ta rubuta wa Gonse yana gargaɗin cewa gara soja ya gyara kuskurensa da kansa kafin wasu su tono shi. A wata ganawa ranar 15 ga Satumba, kamar yadda Picquart ya bayyana daga baya, Gonse ya tambaye shi me ya dame shi da zaman wani Bayahude a tsibiri, ya kuma nuna masa cewa in ya yi shiru babu mai sani. Picquart ya amsa cewa ba zai shiga kabari da wannan asiri ba. Gonse ya musanta cewa an yi wannan magana.

Lissafin manyan a fili yake. Sake buɗe shari'ar na nufin a gane cewa Mercier ya karya doka, eta-majo ta rufa masa, alƙalai 7 sun yi hukunci a kan iska. Lissafin Picquart kuma na ɗan leƙen asiri ne kafin ya zama na mai tausayi: mutumin da ke sayar wa Jamus asirin Faransa yana yawo da kaki, kuma kowace rana da aka bar marar laifi a tsibiri kariya ce gare shi.

Mataimakinsa a ofis, Kumandan Hubert-Joseph Henry, wanda ya yi rantsuwa a kotun 1894 cewa Dreyfus ne, ya ga wuta na matsowa. A farkon Nuwamba ya zauna a gidansa ya haɗa guntayen takardu, ya ƙirƙiri wasiƙar jabu da sunan jami'in sojan Italiya Alessandro Panizzardi, wadda ta ambaci Dreyfus ƙarara. Ya kai wa janar-janar ɗin, ba a nuna wa Picquart ba. Ranar 16 ga Nuwamba aka fitar da Picquart daga Paris da sunan rangadi, daga wannan bariki zuwa wancan, har ya tsinci kansa a garin Sousse na Tunisiya, cikin rundunar ƴan ƙasa da Faransa ke ɗauka soja. A Paris kuwa ana buɗe wasiƙunsa, ana tara masa kundi.

Abin da ya faɗa, da wanda ya faɗa wa

Nan ne halin mutumin ya fi fitowa. Yana da asirin da zai girgiza gwamnati, jaridu na neman irinsa ido rufe, amma ya yi wata da watanni bakinsa a rufe. A Afrilun 1897 ya rubuta duk abin da ya sani, ya rufe cikin wasiyyarsa, da sharaɗin in ya mutu shugaban ƙasa kaɗai za a miƙa wa. Sai da wata wasiƙar raini da barazana ta zo masa daga Henry, wanda yake ƙasa da shi a galo, sannan ya gane cewa ana haƙa masa rami da yardar manya. A ƙarshen Yuni ya zo hutu Paris, ya tafi wurin abokinsa na ƙuruciya, lauya Louis Leblois, shi ma ɗan Strasbourg. Ya gaya masa cewa Dreyfus ba shi da laifi, ya faɗi sunan Esterhazy, ya ba shi ajiyar wasiƙun da Gonse ya rubuto masa. Ya yarje masa ya sanar da hukuma in ta kama, amma ya hana shi kusantar dangin Dreyfus.

Iyakar fallasar da ake magana ke nan. Leblois bai iya riƙe ta shi kaɗai ba. Ranar 13 ga Yuli ya kai ta ga Auguste Scheurer-Kestner, mataimakin shugaban majalisar dattawa, dattijon da kowa ke girmamawa, wanda daga nan ya fara bin minista da shugaban gwamnati yana neman a sake shari'a. Da kaka ta yi, sai ga umurni daga Paris cewa Picquart ya tafi kan iyakar Tarabulus, yankin da aka kashe wani Bafaranshe, Marquis de Morès, shekarar da ta gabata. Janar Leclerc mai riƙe da sojojin Tunisiya ya ga abin bai kwanta masa ba, ya hana shi wuce garin Gabès.

A daidai lokacin, waɗanda za su tuhume shi da sakin baki suna yin abin da ya fi nasa muni nesa ba kusa ba. A Oktoban 1897 hafsoshin eta-majo, ciki har da Laftanal-kanal du Paty de Clam da ya manna gemun ƙarya, suka gana da Esterhazy a ɓoye a lambun Montsouris na Paris, suka gargaɗe shi, suka koya masa abin da zai faɗa. Har takarda daga kundin sirri ta faɗa hannunsa, yana yi wa shugaban ƙasa barazana da ita. Tun kafin nan, a Satumbar 1896, jaridar L'Éclair ta buga labarin kundin sirrin da nufin ƙara tabbatar da laifin Dreyfus. Asiri dai yana fita ta ƙofofi da yawa. Wanda ya fita don amfanin manya ba a kira shi laifi ba.

Ranar 15 ga Nuwamba Mathieu Dreyfus, wan Alfred, wanda ya gano sunan ta wata hanya daban, ya zargi Esterhazy a fili. Aka kira Picquart daga Tunisiya a matsayin shaida, amma kafin ya iso an bincike gidansa kamar shi ne mai laifin. Ranar 11 ga Janairun 1898 kotun soja ta wanke Esterhazy bayan shawarar mintoci kaɗan, jama'a suka tarye shi a ƙofa da sowa. Kwana biyu bayan haka Zola ya buga wasiƙarsa J'accuse a jaridar L'Aurore, aka sayar da kusan kofi dubu 300. A ranar ce aka tsare Picquart a ganuwar Mont-Valérien. Cikin makonnin da suka biyo baya gungun mutane suka yi ta farfasa shagunan Yahudawa a garuruwan Faransa, abin ya fi muni a birnin Aljas.

Daga tsare aka kawo shi shaida a shari'ar Zola cikin Fabrairu, yana sanye da kakinsa. Henry ya ƙaryata shi gaban kotu. Janar de Pellieux, cikin zafin rai, ya ambaci wasiƙar Panizzardi a matsayin hujjar da ta kashe magana, Boisdeffre kuma ya nuna wa masu yanke hukunci cewa in ƙasa ba ta yarda da shugabannin sojanta ba, a shirye suke su ajiye aiki. Picquart ya tashi ya ce takardar tana da duk alamun jabu. Aka yanke wa Zola ɗaurin shekara guda da tarar faran dubu 3. Ranar 26 ga Fabrairu aka sallami Picquart daga soja bisa manyan laifuka a bakin aiki, bayan fiye da shekaru 25 cikin kaki. Ranar 5 ga Maris suka yi fito-na-fito da takobi shi da Henry, yadda al'adar hafsoshi ta tanada, ya ji wa Henry rauni a hannu.

Ranar 7 ga Yuli sabon ministan yaƙi Godefroy Cavaignac, wanda ya yarda da takardar tsakaninsa da Allah, ya karanta ta a majalisar dokoki. Depitoci suka tafa, suka amince a manna jawabin a bangon kowace komin ta Faransa. Picquart, yanzu farar hula, ya rubuta wa shugaban gwamnati Henri Brisson cewa a shirye yake ya tabbatar gaban kowace kotu cewa takardar ƙirƙira ce. Amsar da ya samu ita ce kamun 13 ga Yuli.

Wata guda bayan haka wani hafsa mai suna Kaftin Louis Cuignet, da minista ya sa ya sake duba kundin, ya ɗaga wasiƙar gaban fitila, ya ga layukan da ke jikin guntayen takardar launinsu ba ɗaya ba ne. Ranar 30 ga Agusta Henry ya amsa laifinsa gaban Cavaignac. Washegari aka tarar da shi a ɗakin tsare na Mont-Valérien, maƙogwaro a yanke, aska a kusa. Boisdeffre ya ajiye aiki, Cavaignac ya bi shi, Esterhazy ya sulale zuwa Ingila, inda ya zauna har mutuwarsa a 1923.

Mai karatu zai zaci a nan za a buɗe wa Picquart ƙofa a ba shi haƙuri. Sai ma aka ƙara masa tuhuma, wai shi ya ƙirƙiri shuɗiyar takardar nan don ya shafa wa Esterhazy kashin kaji, aka kuma yanke shawarar miƙa shi ga kotun soja. Ranar 21 ga Satumba, kafin a wuce da shi gidan kason soja na Cherche-Midi, ya shaida wa kotu a bainar jama'a cewa in aka tarar da gawarsa a ɗaki, a sani kashe shi aka yi, domin shi ba mai kashe kansa ba ne.

Jama'a fa? Sun rabu, kuma ɓangaren da ya fi ƙara ba nasa ba ne. Marubuci Charles Maurras ya ɗauki jabun Henry a matsayin aikin kishin ƙasa. A Disamba jaridar La Libre Parole ta Édouard Drumont ta buɗe asusun taimakon matar Henry, cikin wata guda mutane kusan dubu 25 suka tara faran dubu 131, cikinsu har da hafsoshi da limaman coci, da yawa suna haɗa kuɗinsu da zagin Yahudawa da na Picquart. A wurin waɗannan mutane, wanda ya yi ƙarya don ya kare manyansa shi ne ɗan halak, wanda ya faɗi gaskiya a kansu shi ne ya ci amana. A ɗaya ɓangaren, malaman jami'a da marubuta da ɗalibai dubbai suka sa hannu a takardar koke don hana gurfanar da shi, ɗan jarida Francis de Pressensé ya rubuta littafi yana kiransa gwarzo. Kotun ƙoli ce ta cece shi daga alƙalan soja, da ta nemi a miƙo mata kundinsa. Aka sake shi ranar 9 ga Yunin 1899 bayan kusan wata 11, aka kuma soke tuhumar.

Daga Paris zuwa Maijirgi

Ministan yaƙin da a zamaninsa aka miƙa Picquart ga kotun soja, sunansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shi ne Janar Jules Chanoine, mahaifin Kaftin Julien Chanoine, abokin tafiyar Kaftin Paul Voulet. Watannin da Picquart ya yi a kaso su ne watannin da ayarin Voulet da Chanoine ya ratso daga bakin kogin Kwara zuwa gabas yana ƙone garuruwa, ya gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilun 1899, ya yi kisan Birnin Ƙonni cikin Mayu. Kuma ta bakin wani soja ne labarin ya isa Paris. Laftanal Louis Péteau, wanda Voulet ya kora daga ayarin bayan sun ɓata, ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, wasiƙar ta bi ta hannun wani depite ta kai ga ministan ƙasashen mallaka. Dalilin turo Laftanal-kanal Klobb ke nan, wanda Voulet ya sa aka harbe a Dankori kusa da Tasawa ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojin ayarin suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu na nan a Maijirgi. Labarin ya iso Faransa ana tsakiyar sake shari'ar Dreyfus, kuma jaridun da suka zagi Picquart sun nemi uzuri ga kaftin ɗin biyu. Abin da ya tada hankalin Paris shi ne Bafaranshe ya harbi na gaba da shi. Dubban mutanen da aka kashe a hanya ba su samu kotu ba.

Shari'ar ta biyu an yi ta a garin Rennes daga 7 ga Agusta zuwa 9 ga Satumbar 1899. Picquart ya ba da shaida dalla-dalla, yana kuma tare da lauya Fernand Labori a safiyar 14 ga Agusta lokacin da wani ya harbi lauyan a baya. Ya bi maharbin da gudu, bai cim masa ba. Duk da abin da ya bayyana, alƙalan soja 5 cikin 7 suka sake samun Dreyfus da laifi, wai da sassauci, shekara 10. Kwanaki 10 bayan haka Shugaba Émile Loubet ya yi masa afuwa, Dreyfus da jikinsa ya ƙare a tsibiri ya karɓa.

Picquart bai yafe masa wannan ba. A ganinsa afuwa ta mai laifi ce, karɓarta kuma ya ba janar-janar ɗin mafita. Ya yi adawa da dokar yafiyar gama-gari ta Disambar 1900, wadda ta zuba shi kwando ɗaya da Mercier, ta hana a gurfanar da kowa. Mercier ma a shekarar ya zama ɗan majalisar dattawa. Akwai taurin zuciya a matsayin Picquart, domin wanda ya yi wata 11 a kason Paris bai kamata ya auna haƙurin wanda ya yi fiye da shekara 4 a tsibiri ba, wani lokaci da mari a ƙafa. Mutanen biyu da tarihi ya ɗaure sunayensu tare ba su taɓa zama abokai ba.

Minista

Ranar 12 ga Yulin 1906 kotun ƙoli ta wanke Dreyfus kwata-kwata. Washegari majalisa ta yi doka biyu. Ɗaya ta maido da Picquart soja da galon birgediya-janar, aka lissafa masa shekarun da ya yi a waje. Ɗayar ta maido da Dreyfus da galon kumandan, ba a lissafa masa nasa yadda ya kamata ba, ya koma bayan tsararsa. A Oktoba Georges Clemenceau, wanda a jaridarsa aka buga wasiƙar Zola, ya kafa gwamnati ya ba Picquart ma'aikatar yaƙi. Dreyfus ya je wurinsa neman gyara, ministan ya nuna masa cewa abin ba zai yiwu ba. A 1907 Dreyfus ya yi ritaya.

Waɗanda suka zaci ɗan tawaye ne ya hau kujera sun sha mamaki. A Yunin 1907 manoman inabi na kudancin Faransa suka tashi, soja ya yi harbi a Narbonne aka rasa rayuka. Sojoji kusan 500 na runduna ta 17, mafi yawansu ƴaƴan yankin, suka yi bore suka tafi Béziers da bindigoginsu don kada a sa su harbi danginsu. Bayan sun koma bariki, gwamnatin da Picquart ke riƙe da sojanta ta kwashe su zuwa Gafsa, a kudancin Tunisiya, ƙasar da shi kansa aka taɓa jefa shi don a rufe masa baki. Picquart bai taɓa jayayya da cewa soja bin umurni ne aikinsa ba. Abin da ya ƙi a 1896 abu ɗaya ne, a sa shi ya rufa wa ƙarya asiri alhali maci amana na yawo. Yana minista aka kai gawar Zola hubbaren manyan ƙasa na Panthéon ranar 4 ga Yunin 1908, inda wani ɗan jarida Louis Grégori ya harbi Dreyfus a hannu, kotu kuma ta sallami maharbin.

Gwamnatin Clemenceau ta faɗi a Yulin 1909. A 1910 aka ba Picquart jagorancin runduna ta 2 a garin Amiens. A Janairun 1914 doki ya kada shi, ya ƙi kwanciya, ya ci gaba da zuwa ofis har ciwon ya ci ƙarfinsa. Ya mutu ranar 19 ga watan yana da shekara 59, wata 6 da ƴan kwanaki kafin ɓarkewar yaƙin da ya yi rayuwarsa yana shiri dominsa. Gwamnati ta so yi masa jana'izar ƙasa, dangi suka ƙi saboda wasiyyarsa. Aka ƙona gawar a maƙabartar Père-Lachaise, sai a 1919, bayan Alsace ta koma hannun Faransa, aka kai tokarsa Strasbourg.

Schwartzkoppen, mai kwandon sharar, ya mutu a 1917. A 1930 aka buga rubuce-rubucen da ya bari, inda ya tabbatar cewa Esterhazy ne ke kawo masa bayanai, kuma bai taɓa hulɗa da Dreyfus ba.